Fiɗar Ciwon Dajin Nono a Amurka: Daga Hukuncin Likita Zuwa Zaɓin Mace



A shekarar 1894 ne William Halsted, likitan fiɗa a asibitin Johns Hopkins na birnin Baltimore, ya bayyana sakamakon hanyarsa ta yaƙar ciwon dajin nono. Akan cire nonon ɗungurungum, a haɗa da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata. Hujjarsa ita ce ciwon yana rarrafe ne daga muhallinsa zuwa maƙwabta, saboda haka gwargwadon faɗin yanka, gwargwadon tsira. Kusan shekara tamanin likitocin Amurka suna bisa wannan tafarki. Har cikin shekarun 1970, mace kan shiga ɗakin fiɗa don a yanki ɗan nama a duba, ta farfaɗo ta tarar babu nono, ba tare da an shawarce ta ba.

Bernard Fisher na Jami'ar Pittsburgh shi ne ya ja da wannan ra'ayi. A ganinsa ciwon kan bi jini tun da wuri, don haka faɗaɗa yanka ba zai kamo abin da ya riga ya tsere ba. Gwajin da ya fara a 1976, aka buga sakamakonsa a 1985, ya nuna cewa matan da aka cire wa ƙullin kaɗai, aka bi da gashi na na'ura, sun rayu daidai da waɗanda aka cire wa nono duka. Umberto Veronesi na birnin Milan a Italiya ya riga ya sami makamancin haka a 1981. A 1990 sai taron masana na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka ya fifita barin nono ga mafi yawan matan da aka gano ciwonsu da wuri.

To, a nan ne abin mamaki ya faru. Da zaɓi ya dawo hannun mata, sai wasunsu suka koma neman babban yanka. Cikin waɗanda aka cire wa nono mai ciwo, masu cewa a haɗa da ɗaya mai lafiyar sun tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1998 zuwa kashi 11 a 2003. Dokar 1998 wadda ta tilasta wa kamfanonin inshora biyan kuɗin sake gina nono ta taimaka, haka nan gwajin gado na BRCA, wanda 'yar wasa Angelina Jolie ta ƙara yayata shi a 2013. Mai ɗauke da wannan gado tana da hujja ƙwarai. Amma ga sauran, ba a tabbatar cewa cire nono mai lafiya yana ƙara tsawon rai ba, sai dai ya ƙara haɗarin matsala bayan fiɗa. Galibi tsoron dawowar ciwon ne ke yanke shawarar.

Ba kuma kowace ce ke zaɓa don son ranta ba. Gashi yakan ɗauki makonni ana zuwa asibiti kullum, shi ya sa macen ƙauye da ke nesa da na'ura takan gwammace a cire nonon, ta koma gida.