Kafin Ka Sayi Sabon Famfon Mai: Jawabi Ga 'Yan Uwa Masu A-Kori-Kura A Wuse



An nemi in ɗan yi tsokaci a kan abin da ke yawan tsayar da motocinmu a hanya, wato matsalar famfon mai. Ni ba bakanike ba ne, amma duk wanda ke ɗauko kaya daga Zuba ko Dei-Dei zuwa Kasuwar Wuse ya san in mota ta tsaya da kayan gwari a rana, asara ta shigo. Maganata guda ce: kada ka sayi famfo sai an gwada an tabbatar shi ne ya mutu.

Da farko mu san irin motarmu. Tsohuwar Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, famfonta yana jikin inji, injin ne ke motsa shi, yana tura mai a hankali zuwa kabreta. Motocin baya-bayan nan masu injekta, irin su Hilux mai shan fetur, nasu famfon na lantarki ne, yana cikin tanki, kuma ƙarfin turinsa ya kai wajen 40, kusan iskar da mai faci ke sa wa taya. In ƙarfin nan ya ragu, za ka ga mota tana wuyar tashi, tana sarƙewa in ka taka totur, ko ta kasa hawa tudu da lodi.

To, jama'a, a fara da mai arha. Na ɗaya, buɗe murfin tanki, wani ya murza makulli, kai kuma ka kasa kunne. Famfo mai rai yana ɗan gurnani. Ku lura, wasu motocin Toyota ba sa yi sai ana tayar da injin. Na biyu, in ka ji shiru, duba fiyus da rilai. Na uku, kira rewaya ya auna ko wuta 12 tana isa famfon, don waya da ta ci tsatsa takan sa lafiyayyen famfo ya yi kamar matacce. Na huɗu, filta. In ta toshe, famfo yana turi amma mai ba ya wucewa.

Bayan wannan sai a sa agogon awo a bututun mai. In allura ta yi ƙasa alhali filta sabuwa ce kuma wuta tana zuwa, to famfo ko regileta. In ta wuce ƙima, mota na baƙin hayaƙi tana zuƙe mai, a tuhumi regileta. In ka kashe inji allura ta faɗi nan take, mai na komawa tanki ko injekta na yoyo. Bakaniken da ya ce maka "famfo ne, Alhaji" bai sa agogo ba, ka ce masa ya auna tukuna. Masu dizal kuma, ku fara da tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin filta, ku fitar da iska.

Me ke kashe famfo? Gurɓataccen mai na ɗaya. Kun tuna watan Fabrairu na 2022, da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, layi ya cika Abuja, mutane suka koma wajen 'yan bumburutu. Man jarka yakan zo da ruwa da ƙasa. Na biyu, halinmu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, da yawa sai su sha na cefane kawai, kullum jar wuta na kunne. Alhali man da ke tanki shi ke sanyaya famfon. Ka bar shi a bushe, ya yi zafi, ya ƙone. Kowa ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa. Ku daure kada tanki ya gaza kwata.

In har sai an canza, a wanke tanki, a sa sabuwar filta tare da shi, a kuma karɓi tsohon a hannu. Ka je Apo ko Zuba da lambar famfonka, don ba kowane ne ke dacewa da kowace mota ba.

A ƙarshe, gargaɗi ga yaranmu direbobi: man nan yana da ƙarfi a bututu. A cire fiyus ɗin famfo, a bar inji ya mutu da kansa, sannan a kwance. Ban da sigari, ban da zuƙo fetur da baki.

Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a kasuwa.