A Auna Gini Kafin a Sayo Janareta



Yawancin gine-ginen da za mu yi aiki a cikinsu nan da shekara 20 suna nan tsaye tun yanzu: ajujuwan Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ɗakunan lacca na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, sakatariyar ƙaramar hukuma a Kurfi, da asibitocinmu. Ba wanda zai rushe su don suna da zafi. Amma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, sannan a Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin A ya kai naira 225 kowane yunit, sanyaya ɗaki ya zama abin da ake yi wa lissafi.

Abin da muka saba, in ofis ya yi zafi a ƙaro na'urar sanyaya ɗaki, in janareta ya gaza ɗauka a sayo wanda ya fi shi. Ni kuwa ina ganin a fara sake gina ginin a cikin kwamfuta. A ɗauki tef a auna tsawo da faɗi, kaurin bango, girman kowace taga da inda ta fuskanta, irin kwano da silin. A zuba wannan a manhaja irin Revit, a miƙa wa EnergyPlus, wadda ma'aikatar makamashi ta Amurka ke bayarwa kyauta. Ita za ta lissafa, awa bayan awa har shekara ta zagayo, ta inda zafi ke shigowa da wutar da za a ƙona kafin a fitar da shi. Daga nan sai gwaji: a shafa wa kwanon farin fenti a cikin kwamfutar, a yi wa tagar yamma rumfa, a ga abin da ya ragu, alhali ko ƙusa ɗaya ba a saya ba.

Sai dai kwamfuta abin da aka faɗa mata kawai ta sani. Ku ɗauki rana. Muna tsakanin digiri 12 da 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, rana da azahar tana karkata ne ta arewa da mu. Wanda ya kwafo tsarin Ingila, inda bangon arewa ba ya ganin ranar tsaka, ya zuba gilashi a can, ya jawo wa kansa. Bayanan yanayi ma dole su zama namu, na tashar hukumar hasashen yanayi ta NiMet da ke Katsina, da zafin bazara mai haura digiri 40 da sanyin dare na hunturu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne mutane. Mutum a zaune jikinsa na fitar da zafi kimanin wat 100. Ɗalibi 300 a ɗakin lacca sun zama kilowat 30, aikin na'urar sanyi mai doki ɗaya da rabi kusan tara, tun ba a zo kan zafin kwano ba. Zanen magini ba zai gaya maka cewa ɗakin da aka tsara wa mutum ɗari yanzu ninkinsa ke shiga ba, ko an toshe taga da kabad, ko ana rufe ko'ina saboda ƙura. Masinja da maigadi da mai kula da janareta su suka san wannan, kuma a ganina littafin da ake rubuta litar man da aka zuba kullum ya fi zanen asali daraja. Samfurin kwamfutar da lissafinsa bai zo daidai da wannan littafi da karatun mitar kamfanin wuta na KEDCO ba, hoto ne kawai, komai kyansa.

(Kakanninmu da suka yi soro da tubali da azara sun san bango mai kauri yana riƙe zafin rana sai dare ya sake shi. Mu muka koma bulo mai rami da kwano, muna mamaki.)

A 2017 gwamnatin tarayya ta fito da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine, wadda ta taɓo girman tagogi, inuwa, rufi, fitilu da na'urorin sanyi. Hankalinta ya fi karkata ga sabon gini. Tsohon kuwa sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk mai niyyar sa sola ya fara da wannan awon, domin kowane kilowat da aka rage, batir ne da farantin da ba sai an saya ba.

Roƙona ga shugabannin sassa na jami'a da kwaleji shi ne a ba ɗaliban ajin ƙarshe gini guda a Dutsin-Ma, guda a Kurfi. A rataya ƙananan ma'aunan zafi a ɗakuna daga Maris zuwa Mayu, a kwafi littafin janareta, a zauna da masu aiki a wurin a ji ƙarfe nawa suke buɗewa da rufewa. Sakamakon a kai shi teburin mai riƙe da kuɗin gyara kafin a rufe kasafin shekara.