Fassarar Kata: Yadda Ake Gano Amfanin Tsararrun Motsin Kareti na Gargajiya

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin da ake koyon kareti ba zai rasa ganin wani abu mai ɗaure kai ba. Zai ga mutum shi kaɗai, sanye da fararen tufafi, yana taku gaba da baya, yana kai wa iska naushi, yana juyawa hagu da dama, alhali kuwa babu kowa a gabansa. Wannan jerin motsi da aka tsara, ake kuma maimaita shi ba ragi ba ƙari, shi ne Japanawa ke kira kata. Aikin warware shi gaɓa-gaɓa, domin a gane abin da kowane motsi yake nufi in an haɗu da abokin gaba na gaske, shi ake kira bunkai, watau rarraba abu don a ga cikinsa.

Abin da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kata matani ne da aka adana a jiki maimakon takarda, kuma kamar kowane matani yana da sharhinsa da ƙa'idojin karanta shi. Maganar tana da nauyi, domin ɗalibin da ya haddace kata bisa gurguwar fassara, ya kuma dogara da ita ranar da aka tare shi a lungu, lafiyarsa ce ya sa a caca.

Asalin Kata

Mahaifar kareti ita ce tsibirin Okinawa, wanda yake tsakanin Japan da ƙasar Sin. A da can masarauta ce mai sarkinta, ana ce da ita Ryukyu. Mayaƙan Satsuma na kudancin Japan sun ci ta da yaƙi a 1609, sa'an nan a 1879 gwamnatin Japan ta rushe sarautar ta mai da tsibirin lardi. Saboda daɗaɗɗiyar hulɗar ciniki da jakadanci da ƙasar Sin, dabarun faɗan Sinawa sun shigo sun gauraya da na 'yan ƙasa, musamman a garuruwa uku: Shuri, fadar sarki, da Naha da Tomari, waɗanda ke bakin teku.

A wancan zamani malami ba ya tara ɗalibai da yawa. Yakan ɗauki 'yan kaɗan, ya koya musu a tsakar gidansa, sau da yawa da dare. Sukan kama juna, su murɗa, su ture, su kayar, malamin yana gyara musu da baki da hannu. Kata ita ce taƙaitawar wannan darasi, abin da ɗalibi zai riƙa maimaitawa in ya koma gida shi kaɗai, don kada abin da aka koya masa ya shige. Shi ya sa mutum kan shafe shekara uku a kan kata ɗaya, ba don motsin yana da wuyar haddacewa ba, sai don abin da ke ƙunshe a cikinsa yana da yawa.

A nan kata ta yi kama da karin magana. Wanda ya ji an ce “ruwa ba ya tsami banza” ya haddace kalmomin cikin daƙiƙa ɗaya, amma sanin inda ake jefa maganar sai wanda ya zauna da manya. Baƙon da ya ɗauka zancen randa ake yi bai yi ƙarya a kan kalmomi ba, ma'ana ce ta kuɓuce masa.

Yadda Sharhi ya Rabu da Matani

Abubuwa uku ne suka raba kata da sharhinta. Na farko shi ne shigar kareti makarantun gwamnati. Malam Itosu Anko, wanda ya rasu a 1915, shi ne ya jagoranci wannan aiki a farkon ƙarni na 20, ya kuma tsara kata biyar da ake kira Pinan domin 'yan makaranta. Abin da hukuma ke bukata shi ne motsa jiki da ladabi ga yara masu yawa a fili ɗaya. Ba a koya wa ajin yara murɗe wuya ko karya gwiwa. Duk da haka, a wasiƙarsa ta 1908 mai ƙunshe da ƙa'idoji goma, Itosu ya ja hankali cewa amfanin motsin da baki ake isar da shi, kuma wajibi ne ɗalibi ya nemi bayanin kowane motsi da lokacin da ake aiki da shi.

Na biyu shi ne ƙaurar kareti zuwa babbar ƙasar Japan. Funakoshi Gichin ya je Tokyo a 1922 don nuna wannan fasaha, ya zauna can, ya yi ta koyarwa a jami'o'i. An canza sunayen kata suka koma na Japananci: Pinan ta zama Heian, Naihanchi ta zama Tekki, Kushanku ta zama Kanku. Sunan fasahar kansa, wanda a da ake rubuta shi da ma'anar “hannun Sin”, aka mai da shi “hannu wofi”. A Japan kuwa an riga an san judo da kamawa da kayarwa, don haka kareti ya yi suna a kan naushi da hauri, sauran dabarun suka koma baya.

Na uku shi ne yaƙi da gasa. Yaƙin Okinawa na 1945 ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, ya ƙone gidaje da takardu. Malam Miyagi Chojun, wanda ya kafa salon Goju-ryu, ya rasa babban ɗalibinsa Shinzato Jin'an a cikinsa. Bayan yaƙi sai gasa ta kankama, aka yi ta farko ta ƙasar Japan baki ɗaya a 1957. A fagen gasa mutum biyu ne masu horo iri ɗaya, suna tsaye nesa da juna, da alƙali a tsakaninsu. Da aka zo fassara kata da wannan ido, sai aka wayi gari ana koya wa ɗalibi cewa mutum huɗu ne ko takwas suka kewaye shi, kowanne yana jiran layinsa, yana kawo dogon naushi daga nesa, shi kuwa yana tarewa ɗaya bayan ɗaya. Ko yaron da ya taɓa rigima a bakin famfo ya san ba haka faɗa yake ba.

Ƙa'idojin Fassara

Abin farin ciki shi ne tsofaffin malaman ba su tafi da kome da kome ba. Daga rubuce-rubucensu ana iya tsamo ƙa'idoji huɗu.

Ƙa'ida ta farko: abokin gaba ɗaya ne, kuma a gabanka yake. Toguchi Seikichi, ɗalibin Miyagi, ya bayyana wannan cikin dokokin warware kata da ya karɓa daga malaminsa, tare da gargaɗin kada layin da ake bi a ƙasa ya ruɗi mai nazari. Mabuni Kenwa, wanda ya kafa salon Shito-ryu, ya yi irin wannan bayani a littafin da ya fitar tare da Nakasone Genwa a 1938. A ganinsa, idan kata ta juya hagu, ba wani sabon maƙiyi ne ya ɓullo daga hagu ba. Juyawar tana nuna kusurwar da mutum zai kauce ya tsaya dangane da wanda yake fuskanta. Wannan bayani kaɗai ya isa ya sauya karatun kata daga farko har ƙarshe.

Ƙa'ida ta biyu: babu hannun da ke zaman banza. A kusan kowane naushi na kata, ɗaya hannun yakan koma ƙugu a dunƙule. Ana kiran wannan hikite, watau hannu mai ja. An saba gaya wa ɗalibai cewa ƙarin ƙarfi yake bayarwa, amma Funakoshi da kansa, a littafinsa na 1925, ya bayyana cewa hannun yana kama dantsen abokin gaba ne, ya murɗa, ya fizgo shi har ya rasa tsayuwarsa. Wanda ya san dambe zai gane wannan nan da nan, domin ɗan dambe ba ya barin hannun da bai ɗaure ba ya huta. Da shi yake auna tazara, da shi yake tokarewa, da shi yake buɗa wa hannun bugu hanya.

Ƙa'ida ta uku: suna ba shi ne ma'ana ba. Motsin da ake fassarawa da “tarewa” sunansa uke, daga kalmar da ke nufin karɓa. Yawancin waɗannan sunaye an daidaita su ne bayan an daɗe da tsara kata, don sauƙin koyar da jama'a da yawa. Motsin da hannu yake tashi daga kafaɗa ya sharo ƙasa, wanda ake kira gedan barai, ana koyar da shi a matsayin tare hauri. Amma mutumin da ya sa ƙashin dantsensa a gaban ƙwaurin ƙato yana neman karaya ne. In kuwa aka lura da cewa ɗaya hannun yana ja zuwa ƙugu a daidai wannan lokaci, sai a ga wata fassara: an kama tsintsiyar hannun mutum, an miƙar da hannun, an danne gwiwarsa zuwa ƙasa.

Ƙa'ida ta huɗu: tazarar kusa ce, kuma harin irin na yau da kullum ne. Itosu ya nuna cewa an tanadi kareti ne don kare kai daga ɗan ta'adda ko mugu. Irin wannan mutum cin kwala yake yi, ya ture, ya shaƙe, ya rungumo ta baya, ya kawo naushin mahaukaci. Littafin Bubishi, wanda ya samo asali daga ƙasar Sin, malaman Okinawa kuma suka riƙa kwafarsa da hannu, yana da zane 48 na mutum biyu, cike da kamawa da taɗiya da kayarwa. Funakoshi ma ya sa dabarun kayarwa guda tara a littafinsa Karate-do Kyohan na 1935.

Misali Daga Naihanchi

Naihanchi kata ce da ake yin ta a kan layi ɗaya, ana tafiya gefe da gefe, ƙafafu a ware kamar mahayin doki. An ƙirƙira mata labarai iri-iri: wai ta faɗa ce a cikin kwalekwale, wai ta wanda ya jingina da bango ce, wai ta kan kunyar gonar shinkafa ce. Motobu Choki, wanda ya yi suna a faɗa na zahiri, ya kuma fitar da littafi a kan gwajin mutum biyu a 1926, ya riƙe wannan kata a matsayin ginshiƙin fasaharsa. Mutum irinsa ba zai ɓata shekarunsa a kan dabarar da ba ta aiki sai a gonar shinkafa ba.

A farkon katar, mai yi yakan miƙa buɗaɗɗen hannun dama zuwa gefe, sa'an nan ya buga gwiwar hannun hagu a cikin tafin na dama, ya jawo hannayen biyu zuwa ƙugu, ya sharo ƙasa. In aka ɗora ƙa'idojin nan huɗu, ga abin da zai fito. Tafiya gefe tana nufin an kauce an tsaya a kwiɓin abokin gaba, inda ɗaya hannunsa ba zai iso ba. Buɗaɗɗen hannu ya ture dantsensa ko ya saƙalo ƙeyarsa. Tafin da gwiwa ta buga yana wakiltar kansa ne da aka riƙe. Jawowa zuwa ƙugu kuwa rinjayo shi ƙasa ne. Can gaba akwai inda ƙafa take ɗagowa ciki da sauri ta koma, wanda masu nazari da yawa ke karantawa a matsayin bugun gwiwa ko taɗiya. Motsin bai canza ko kaɗan ba, karatun ne ya canza.

Haɗari Biyu

Tun daga shekarun 1990 sha'awar wannan nazari ta farfaɗo. Patrick McCarthy, mutumin Kanada, ya fitar da fassarar Bubishi cikin Ingilishi a 1995, Iain Abernethy na Ingila kuma ya yi rubuce-rubuce da dama a kan bunkai. Sai dai akwai ramuka biyu a kan hanyar.

Ramin farko shi ne na ado. A manyan gasannin duniya, ƙungiyoyin mutum uku masu neman lambar yabo sukan nuna bunkai bayan sun gama kata, da tsalle-tsalle da faɗuwa mai ban sha'awa. Gwaninta ce ta gaske, kamar yadda aka ga gwanintar Kiyuna Ryo, ɗan Okinawa, da Sandra Sánchez ta Sifen, waɗanda suka ci zinariyar kata ta mutum ɗaya a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021. Amma abin da aka shirya don idon alƙali dabam yake da abin da aka shirya don ceton rai.

Rami na biyu shi ne na wuce gona da iri. Wanda ya ƙudura zai ga asiri a kowane ɗaga yatsa, to, zai gan shi, kamar mai sharhin da ke cusa wa mawaƙi abin da bai taɓa nufi ba. Maganin wannan gwaji ne. Fassarar kirki sai ta bi motsin kata yadda yake, ta ba hannu biyu da ƙafafu aiki, ta amsa harin da mutane ke kawowa da gaske, ta kuma ci nasara a kan abokin gwajin da ya ƙi ba da haɗin kai. Wadda ta faɗi a ɗaya daga cikin waɗannan, a ajiye ta, kome daɗinta a ido. Ya kamata kuma malami ya bambanta wa ɗalibansa tsakanin abin da magabata suka rubuta da abin da shi ya hakaito da hankalinsa.

Kammalawa

An ga yadda kata ta faro a matsayin taƙaitawar darasin mutum biyu, da yadda makaranta da ƙaura da yaƙi da gasa suka raba ta da sharhinta, da kuma ƙa'idojin da ake bi a maido da shi. Ga ɗaliban da ke koyon kareti, shawarar ita ce su tambayi malaminsu aikin kowane motsi, su gwada amsar da abokin da zai yi musu gardama, a hankali kuma cikin kiyaye lafiyar juna. Ga masu nazarin harshe da adabi kuwa, tarihin kata gargaɗi ne: ana iya adana lafazi daram shekara ɗari, ma'anarsa kuwa ta tafi tare da tsofaffin da ba a tambaya ba.