Bishof ɗin da ya koyi harshen mabiyansa

Sharhinmu na yau kan Connop Thirlwall ne, Baturen Ingila da aka haifa a 1797. Masani ne kan Girkanci da Latinanci, kuma ya rubuta tarihin Girka mai juzu'i takwas. A 1834 ya rasa muƙaminsa na koyarwa a Cambridge, saboda ya nemi a ba waɗanda ba 'yan Cocin Ingila ba damar samun digiri. Da aka naɗa shi bishof a St David's, yankin Wales, a 1840, sai ya duƙufa ya koyi harshen mutanen wurin har ya yi musu wa'azi da shi. Ya rasu a 1875. Shugabanni, ku riƙa yi wa jama'arku magana da harshen da suke ji.