Illela Biyu Ce, Gaya Ma Biyu: A Kula Da Adireshi A Taswirar Waya

 

Makon jiya wani mai saurare ya bugo mana waya ransa a ɓace. Ya sayi buhunan dusa daga Najeriya, ya ce a kai masa Illela. Yaron motar sabon hannu ne, sai ya buga sunan a taswirar waya, ya bi layin da ta zana masa, ya sauke kaya a Illelar jihar Sakkwato, daf da Birnin Ƙonni. Mai kaya kuwa yana can Illelar jihar Tawa a Nijar, shi da dabbobinsa suna zuba ido. Kafin a gane an kwana biyu, ga kuɗin sabon lodi, ga na wata motar.

To ɗan'uwa, waya ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta shi ta nemo. Haka Gaya take: akwai ta jihar Kano, akwai ta jihar Dosso a bakin iyakar Benin, tsakaninsu ɗaruruwan kilomita.

Matsalar ita ce kowace ƙasa da yadda take tsara adireshi, su kuma manhajojin taswira da na aika kaya an gina su ne bisa tsarin Turai da Amurka: lambar gida, sunan titi, gari, sai lambar gidan waya. Kai da ke ruga, ina ka ga lambar gida? Mu kwatancenmu shi ne bayan kara, gindin tsamiya, gabas da masallacin Juma'a.

Ga yadda abin yake a ƙasashenmu. A Najeriya lambar gidan waya alƙaluma 6 ce: Kano 700001, Katsina 820001, Sakkwato 840001. A Nijar alƙaluma 4 ce, amma abin da mutane suka fi sani shi ne BP, wato akwatin gidan waya. Kamaru da Cadi ma da BP ake aiki. Ka lura da kyau, BP akwati ne a cikin gidan waya, ba ƙofar shagonka ba ne. In ka ba direba, ba zai kawo shi wurinka ba. Gana kuwa tun 2017 ta fito da GhanaPostGPS, inda aka yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, mita 5 kowane gefe, kowanne da lambarsa. Ta Akara tana farawa da GA, ta Kumasi da AK. In abokin cinikinka na zango ya turo irinta, kada ka rage ko harafi ɗaya.

Sai maganar rubutu. Taswira tana bin rubutun hukuma ne, na Faransanci a can, na Ingilishi a nan. Tawa a wurinta Tahoua ce, Tasawa Tessaoua, Damagaram Zinder, Garwa Garoua, Sakkwato Sokoto. In ka rubuta yadda bakinka ya saba, tana iya cewa babu, ko ta jefa ka wani garin.

Mene ne abin yi? Na farko, kada ka faɗi sunan gari tsirara, haɗa shi da jiha da ƙasa. Na biyu, ka tsaya daidai inda kake so a sauke kaya, ka tura wurin ta WhatsApp. In karatu ya yi wuya, ba yaro ya latsa maka. Google Maps ma tana ba kowane wuri gajeriyar lamba mai alamar + a ciki, ana ce mata Plus Code, ko a tsakiyar daji ne. Na uku, makiyayi, duk ranar da ka sauya mashekari ka sake turawa, don tsohon wurin ba zai biyo garke ba. Na huɗu, kafin mota ta tashi, ka sa direba ya faɗa maka garuruwan da zai ratsa. In Illelar Tawa kake amma bai ambaci tsallake iyaka ba, ka tsayar da shi tun bai ƙona mai ba.

Matambayi dai ba ya ɓata. Wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya bugo mana, mu ƙaru da juna. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dabbobi, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.