Man Shafawar da Ya Dace da Mai Kirci

Wannan shi ne jawabin da wata malamar asibiti ta yi wa mata 'yan ajin yaƙi da jahilci a Kakuri, kudancin garin Kaduna, gab da shigowar hunturu. A karanta, a kuma karanta wa maƙwabta.

Na gode wa malamarku da ta ba ni wannan lokaci. Na san wasunku sun bar tukunya a kan murhu, don haka ba zan tsare ku da yawa ba.

Ga hunturu ya ƙarato. Iska ta fara kaɗawa, leɓe ya fara tsagewa, ƙafa ta fara faso. Mai lafiyayyar fata ya shafa mai ya wuce abinsa. Amma akwai yaran da hunturu yake zame musu azaba. Su ne masu kirci.

Bara war haka wata mata ta zo mini daga wani ƙauye a hanyar Kachia. Ɗanta yana da wata tara. Kumatunsa sun yi kaushi, sun tsattsage. Bayan gwiwarsa duk ya sosa har da jini. Ta ce rabonta da barcin kirki tun yana wata uku. Sai ta kwance leda, ta zube mini mayuka har bakwai a kan tebur. Wani maƙwabciya ce ta ba ta, wani a kemis ta saya, wani kuma mai talla ne a mota ya rantse mata a kansa. Kajinta biyu ta sayar saboda mayukan nan. A cikin bakwai ɗin, shida suna ƙara wa yaron ciwo ne. Na bakwai, wanda ya fi duka araha, shi ne mai amfani, kuma shi ne ta ajiye gefe don ta ga ba shi da ƙanshi.

To, kafin mu zo kan mai, sai mun tabbatar kircin ne. A nan ƙasar tamu kowane tabo a fata sai a ce da shi ekzima. Wannan yana sa mutane sayen abin da ba shi ne ba.

Idan kin ga fararen tabo a ƙirji da baya da wuya, masu ɗan gari-gari, ba su cika ƙaiƙayi ba, wannan kyasbi ne. Yana da nasa magani, kuma yawan maiƙo ba ya taimakonsa. Idan ƙuraje ne a tsakanin yatsu, gida duk ana susa da dare, wannan ƙazuwa ce, kowa a gidan sai ya yi magani. Idan kuwa tabo ne mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, aka taɓa wurin mutum bai ji ba, kada a tsaya shafa mai. A je asibiti a duba ko kuturta ce. Tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne.

Shi kirci, babbar alamarsa ita ce bushewar fata da ƙaiƙayi mai hana barci. A jarirai ya fi kama kumatu. A yaran da suka tasa yana zama a lanƙwasar hannu, da bayan gwiwa, da wuya. A baƙar fata irin tamu ba lallai wurin ya yi ja ba. Sai dai ya yi duhu, ko ya yi furu-furu kamar an barbaɗa toka, ya yi kauri saboda susa. Yana lafawa, yana tashi. Yana bin jini, musamman a gidan da ake da masu asma ko yawan atishawa. Ba a ɗaukarsa. Ina roƙonku, kada a ware wa yaro kwano ko tabarma saboda kirci. Yara da yawa kuma suna samun sauƙi idan sun girma.

Me ya sa mai yake da muhimmanci haka? Ku dubi randa. Idan lafiyayya ce, tana riƙe ruwa. Idan ta yi tsaga, ruwa ya riƙa tsiyaya, ƙura da ƙwari su riƙa shiga. Fatar mai kirci kamar randa ce mai ƙananan tsaga. Laimar jiki tana fita, sabulu da ƙura da ƙwayoyin cuta suna shiga. Sai ƙaiƙayi, sai susa, susar kuma ta ƙara buɗe tsagar. Aikin mai shi ne ya liƙe tsagar nan. Ba ya raba mutum da kirci har abada, amma yana rage tashinsa, yana sa yaro ya yi barci.

Idan kin shiga kasuwar Monday a nan Kakuri, ko kasuwar Sabon Tasha, za ki ga mayuka jere har su ruɗa ki. Amma duk yawansu, kusan iri uku ne. Akwai mai ruwa-ruwa na kwalba, wanda ake ce wa loshan. Yana shiga jiki da sauri, yana kuma bushewa da sauri. Akwai kirim, wanda ya fi shi kauri. Sai kuma mai maiƙo sosai, irin su basilin da man kaɗanya. Waɗannan su suka fi daɗewa a jiki.

Likitoci a Ingila sun gwada wannan. Sun ɗauki yara 550 masu kirci, suka raba su, kowane rukuni da irin man da zai shafa har mako 16. Da suka bayyana sakamako a 2022, sai ga shi babu irin da ya fi wani sauƙaƙa ciwon. Abin da ya bambanta shi ne wanda yaro da uwarsa suka ji daɗinsa. Ma'anar wannan a wajenmu ita ce, tsada ba ta warkar da kirci. Man da ya dace shi ne wanda ba ya yi wa yaron zafi, kuma aljihunki zai iya sayensa duk lokacin da ya ƙare. Kwalba mai tsada da za ki riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan don kada ta ƙare, ba ta kai robar basilin da za ki shafa da yalwa ba.

Amma ni a ganina, a hunturun Kaduna mai kauri ya fi. Loshan ba ya awa biyu iskar nan ta shanye shi. A bar shi sai bazara, lokacin da maiƙo da gumi suke haɗuwa su kawo ƙurajen zafi. Wata uwar takan shafa kirim da rana, basilin da dare. Wannan ma dabara ce mai kyau.

Shi basilin daga ɗanyen man fetur ake samo shi, irin wanda aka gina matatar nan ta Kaduna a 1980 don tacewa. Kada wannan ya tsorata ku. Idan an tace shi sosai, yana cikin abubuwan da fata ta fi karɓa, kuma tun 1872 ake sayar da shi da sunan Vaseline a Amurka. Ki nemi fari, wanda ba shi da ƙanshi, a roba mai murfi da lambar NAFDAC. Wanda ake aunawa a buɗe, mai warin kananzir, ki bar shi. Na jarirai mai launi da ƙanshin hoda, shi ma ba na mai kirci ba ne.

Sai man kaɗanya, wanda kakanninmu suka raine mu da shi. Yau Turawa suna sayen ƙwarar kaɗanya, su zuba ɗan kaɗan a kirim, su dawo mana da shi da tsada. Darajarta ta kai har a watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta tsayar da fitar da ɗanyarta waje, don a riƙa sarrafa ta a gida. Ke kuwa ga shi a kusa da ke. Sai dai a zaɓa. Ki sayi sabo a wajen wadda kika yarda da tsabtarta. Idan ya yi warin tsami, ya lalace. Idan da tsakuwa ko baƙin datti a ciki, ki narkar da shi a wuta kaɗan, ki tace da tsumma mai tsabta, ki zuba a roba mai murfi. Kuma ki bar shi shi kaɗai. Kada a zuba masa turare, ko kafur, ko lemun tsami. Man kwakwa mai kyau shi ma yana yi wa yara da yawa amfani.

Akwai mayuka biyu na girki da zan ja kunnenku a kansu. Na san man zaitun yana da daraja a wajenmu, kuma yana da kyau a abinci. Amma an gwada shi a fata a Ingila a 2013, aka ga yana raunana ta maimakon ya liƙe ta. Man gyaɗa kuma, kada a shafa wa jariri a fatar da ta tsage, domin yana iya sa jikin yaron ya ƙi gyaɗa nan gaba.

Yanzu ga inda karatunku zai yi muku rana. Kafin ki biya kuɗi, ki juya kwalbar ki duba ƙananan rubutun baya. Na rubuta muku kalmomi a allo, kowa ta kwafa a littafinta. Idan kin ga Fragrance ko Parfum, akwai turare a ciki, kuma turare yana cikin manyan masu tayar da kirci. Idan kin ga Hydroquinone, man bilicin ne. Ki ajiye shi. Duk man da aka ce yana sa haske, ba na yaro ba ne, balle yaro mai kirci. A 2023 hukumar NAFDAC ta fito fili ta ce bilicin ya zama babbar barazana ga lafiyar 'yan ƙasa.

Idan kuma kin ga Clobetasol ko Betamethasone a jikin ɗan bututu, wannan magani ne mai ƙarfi, ba man shafawa ba. Nan ne matar da na ba ku labari ta faɗa. An ba ta irin wannan, aka ce ta matse shi a cikin man yaron, ta riƙa shafe masa jiki duka. Kwana uku sai ta ga kamar an yi ruwa an ɗauke. Da ta daina sai ciwon ya dawo fiye da da. Haka ta yi ta yi wata huɗu. Fatar yaron ta yi laushi kamar takarda, ta yi dabbare-dabbare. Irin wannan maganin yana shiga jinin jariri, yana iya taɓa girmansa.

Kada ku fahimce ni a baibai. Idan kirci ya tashi sosai, mai kaɗai ba ya kwantar da shi. Likita zai rubuta magani daidai da shekarun yaro, a shafa a wurin ciwon kawai, na 'yan kwanaki. Wannan ba abin tsoro ba ne, a yi amfani da shi yadda aka ce. A bar kamar rabin awa tsakanin maganin da man shafawa. Abin da nake hanawa shi ne haɗe-haɗen gida.

Duk sabon mai, ki gwada shi tukuna. Ki shafa ɗan kaɗan a cikin hannun yaro safe da yamma, kwana uku. Idan wurin ya yi zafi ko ƙuraje, ki bar shi, ko da 'yar'uwarki ta ce ya karɓi nata ɗan.

Yadda ake shafawa ma yana da ƙa'ida. A yi wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, kuma kada a daɗe. A ajiye soso. Kada a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan wanka. Sabulun soda da sabulu mai magani suna busar da fata, sabulun salo ma yakan yi wa wasu yaran kaifi. A sa sabulu mai sauƙi kaɗan, a inda datti yake. Da an fito, a dafa jiki da tawul, kada a goge. Tun jiki da sauran laima a shafa mai, kada a jira ya bushe. A shafa a hankali, ana bin yadda gashi ya kwanta. A ɗebo man da cokali mai tsabta, ba da yatsa ba. Sau biyu a rana shi ne mafi ƙaranci, a hunturu har sau huɗu. Yaron da kirci ya kama masa jiki duka yana iya cinye giram 250 zuwa 500 a mako, wato kwata zuwa rabin kilo. Ko fata ta yi kyau kada a daina. A yanke masa farce, a sa masa kayan auduga a ciki, rigar sanyi ta ulu ta zo a sama.

Ku ma manya, masu wankau da masu wanke-wanke da hannunku yake tsagewa da omo, ku ajiye basilin kusa. Duk lokacin da kuka gama, ku ɗauraye hannu, ku shafa.

Ga wata magana da ba a cika faɗa ba, ku riƙe ta da kyau. Mai yana shiga cikin riga da zanen gado. Kayan da suka sha mai suna kama wuta da sauri ƙwarai. A hunturu muna jin ɗumi, muna shiga da kaskon garwashi ɗaki. Yaron da ake shafa wa mai kada ya zauna dab da wuta, ko kyandir, ko fitilar aci-balbal. A kuma riƙa wanke kayansa a kai a kai.

Idan wurin ya fara ruwa, ko mugunya, ko ɓawo rawaya, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito a cunkushe da zazzaɓi, a ranar a kai shi asibiti. Ga asibitin Gwamna Awan nan Kakuri, ga na Sabon Tasha. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a nemi takardar zuwa wajen likitan fata a asibitin koyarwa na Shika, a Zariya.

Matar nan ta dawo mini bayan mako uku. Likita ya janye wa yaron wancan maganin a hankali, ta koma basilin fari da man kaɗanyar da surukarta take yi. Bayan gwiwarsa da sauran kaushi, amma kumatu sun lafa. Ta ce ranar da ya fara kwana bai farka ba, ita ce ta yi ta tashi tana duba shi.

Na ga Mama can baya ta ɗaga hannu, yanzu zan zo kan tambayoyi. Ranar Laraba mai zuwa kuma, kowa ta zo da man da take shafa wa yaranta, da littafinta, mu karanta abin da aka rubuta a bayan kwalbar tare.