Ɗan Aiken da Ke Cikin Akwatin Famfo



Tunda ƙungiyarmu tana shirin haƙa wa makaranta rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, irin waɗanda muke gani daga Kabo har Gwarzo, na ga ya dace in yi bayani a kan akwatin da ke kunna famfo da kashe shi. A cikinsa akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, kamar 8051 da kamfanin Intel ya fito da ita a 1980, ko PIC16F84 ta kamfanin Microchip. Akan rubuta mata umarni da harshen asembili, watau harshen da ya fi kusa da na injin kansa.

Babban shirin ba ya yin kome da kansa, 'yan aike gare shi. Sai ya ce wa ɗaya, je ka duba ruwa, ya jira. To, da me zai dawo? Mu ma'aikatan gwamnati mun san takaicin fayil ɗin da ya je ofis ya dawo ba a rubuta kome a kansa ba.

A kan 8051 akwai wata tuta mai suna C. Ɗan aike ya ɗaga ta idan da matsala, ya sauke ta idan lafiya. Hanyar tana da sauri, amma i ko a'a kaɗai take iya faɗa. A kan PIC kuwa, umarnin RETLW yana mai da ɗan aike gida riƙe da lamba a ma'ajiyar W, alal misali 0 akwai ruwa, 1 tanki ya cika, 2 rijiya ta ja baya, 3 wayar awon ruwa ta tsinke. Ni wannan na fi so, domin wanda bai iya dubawa ba daban yake da wanda ya duba ya ga lafiya.

Sai dai akwai tarko. RETLW ba ya taɓa tutar Z, wadda ke nuna sifili. Wanda ya duba ta nan take, tsohon labari zai karanta, na lissafin da ya wuce. Wajibi ne ya fara sa IORLW 0, sannan ya duba. Layi ɗaya ne tak, amma idan babu shi, lokacin bazara da ruwa ya yi ƙasa, famfo yana iya ta juyawa a bushe har ya ƙone, domin ruwan ne ke sanyaya shi.

Saboda haka roƙona ga kwamitin aiki, ranar karɓar rijiya a sa mai haɗa akwatin ya cire wayar awon ruwa a gabanku. Idan famfo bai tsaya ba, kada ma'aji ya biya cikon kuɗin.